Asusun Whitley da masu kare namun daji a ƙasashensu: ina kuɗin yake zuwa, me yake saye?

A kowace shekara, wajen ƙarshen watan Afrilu ko farkon Mayu, ana taruwa a zauren Royal Geographical Society da ke Landan, inda Gimbiya Anne, ƙanwar Sarki Charles, take miƙa lambar yabo ga mutum shida ko bakwai da suka fito daga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. Ba ministoci ba ne, ba kuma shugabannin manyan ƙungiyoyin duniya ba ne. Likitocin dabbobi ne da masana kimiyya da jagororin ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda aikinsu shi ne hana wata dabba ko wani daji ko wata fadama ɓacewa a ƙasar da aka haife su. Ƙungiyar da ke shirya taron ita ce Whitley Fund for Nature, wata ƙaramar ƙungiyar agaji ta Birtaniya da Edward Whitley ya kafa a 1993. Lokacin da ta cika shekara 30 a 2023, ta riga ta raba sama da fam miliyan 20 ga mutum fiye da 200 a ƙasashe kusan 80.

Wanda ya kalli hotunan wannan dare zai ɗauka cewa bikin shi ne aikin, alhali kuwa shi ne ƙaramin ɓangarensa. Abin da ya sa asusun ya cancanci a tsaya a duba shi ba lambar yabon ba ce, abin da ke biyo bayanta ne, wato yadda yake komawa ga mutanen da ya riga ya sani ya sake ba su kuɗi, wani lokaci shekara goma ko ashirin bayan an tafa musu a Landan. A nan ne ƙarfin tsarin yake, a nan ne kuma iyakarsa take bayyana.

Kafin a fahimci dalilin kafa irin wannan asusu, sai an tuna yadda aka daɗe ana aikin kare namun daji. Tsarin da aka gada daga zamanin mulkin mallaka shi ne a shata daji, a fitar da mutanen da ke cikinsa, a sa masu gadi da bindiga, sannan a kawo masani daga Turai ko Amurka ya ƙirga dabbobin. Haka aka yi wa makiyayan Masai a gandun dajin Serengeti na Tanzaniya, inda aka tashe su daga gandun a 1959. Wannan tsari ya ceci wasu dazuzzuka, ba a musun haka, amma ya bar gaba tsakanin masu gadi da maƙwabtan daji, gabar da har yanzu ba ta mutu ba. A 2019 an fallasa zarge-zargen duka da azabtarwa da kisa da ake yi wa wasu masu gadin daji da babbar ƙungiyar kare namun daji ta duniya WWF ke tallafa wa a Kamaru da Kwango da Nepal. Kwamitin bincike mai zaman kansa da Navi Pillay, tsohuwar shugabar ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta jagoranta ya ba da rahoto a 2020 cewa bai sami shaidar ma'aikatan ƙungiyar sun ba da umarnin cin zarafin ba, amma ya ce ƙungiyar ta gaza cika alkawuranta na kare haƙƙin ɗan Adam yadda ya kamata a wasu wuraren.

Ga kuma matsalar hanyar da kuɗi ke bi. Wani bincike da Rainforest Foundation ta Norway ta fitar a 2021 ya nuna cewa tsakanin 2011 da 2020, abin da aka kashe a kan haƙƙin mallakar ƙasa da kula da dazuzzuka na al'ummomin asali da mazauna karkara bai wuce kimanin dala miliyan 270 a shekara ba, wato ƙasa da kashi 1 cikin 100 na tallafin da ƙasashe masu arziki ke bayarwa domin sauyin yanayi. A cikin wannan ɗan abin ma, kashi 17 cikin 100 ne kawai ya je ayyukan da suka ambaci sunan wata ƙungiyar mazauna wurin. Sauran ya tsaya a hannun manyan ƙungiyoyi da hukumomi da kamfanonin ba da shawara. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 aka yi alkawarin dala biliyan 1.7 domin gyara wannan, amma rahoton farko na masu alkawarin da kansu ya nuna kashi 7 cikin 100 ne ya isa hannun ƙungiyoyin mazauna kai tsaye a shekarar farko. Ba lallai sata ce ta jawo haka ba. Babban mai ba da tallafi ya fi son rubuta cek ɗaya na miliyan goma ga ƙungiyar da ke da akantoci da lauyoyi, maimakon ya rubuta cek ɗari biyu ga mutanen da bai taɓa gani ba, kuma ba shi da ma'aikatan da za su bi diddiginsu.

Wannan giɓi ne Asusun Whitley ya zauna a cikinsa. Aikinsa na haƙiƙa shi ne tantancewa, wato ya nemo mutumin, ya tabbatar da shi, sannan ya tsaya masa a gaban masu kuɗi. Ba ya sayen daji, ba ya tura ma'aikatansa su gudanar da aiki a wata ƙasa. Shekararsa takan fara ne da karɓar takardun neman tallafi, wanda ake rufewa wajen ƙarshen Oktoba. Ana son mai nema ya kasance ɗan ƙasar da yake aiki a cikinta ko wanda ya daɗe da zama ɗan gida a can, ya kasance yana jagorantar tawaga, yana da ƙungiyar da kuɗin zai shiga asusunta, kuma aikinsa ya ginu a kan hujjar kimiyya tare da hannun mazauna wurin a ciki. Ba a ba da kuɗin domin karatun digiri, ba a kuma ba da shi domin aiki a ƙasashe masu arziki. Daga nan sai masana su tace takardun, a tuntuɓi waɗanda suka san mai neman da aikinsa, a rage su zuwa 'yan kaɗan, kwamitin alƙalai ya yi musu tambayoyi baki da baki. Wanda ya yi nasara yana samun fam 50,000 na aikin shekara guda. Kafin 2024 fam 40,000 ake bayarwa, kuma lambar farko da aka ba Amanda Vincent a 1994, mai binciken wani ɗan kifin teku mai kai irin na doki, fam 15,000 ce.

Makon da masu nasara ke yi a Landan ba na yawon buɗe ido ba ne. Ana horar da su yadda za su yi jawabi a gaban jama'a da yadda za su amsa tambayoyin 'yan jarida, ana haɗa su da wasu masu ba da tallafi, ana kuma shirya gajeren fim a kan aikin kowannensu, wanda Sir David Attenborough, shahararren mai gabatar da shirye-shiryen namun daji a talabijin, ya daɗe yana ɗora muryarsa a kai. Mai karatu zai iya ganin wannan a matsayin ado, amma yana da amfanin da ya zarce Landan. A yawancin ƙasashenmu, ɗan gida ba ya samun ganin kwamishina sai an ji sunansa daga waje. Masanin da ya shekara biyar yana kai takarda ma'aikatar muhalli ana ce masa ya dawo gobe, idan ya sauko daga jirgi da hotonsa tare da gimbiyar Ingila, ƙofar da ta ƙi buɗuwa sai ta buɗe. Abin takaici ne a ce haka lamarin yake, amma masu asusun sun san da shi, kuma da gangan suke amfani da shi.

Sai dai lissafin kuɗin ya fi bikin bayyana inda hankalin asusun yake. Lambobi shida na fam 50,000 sun kama fam 300,000, idan aka ƙara lambar zinariya ta fam 100,000 da ake ba wani tsohon mai nasara, jimilla fam 400,000 ke nan. Amma abin da asusun ke rabawa a shekara ta hanyar da yake kira tallafin ci gaba, wanda tsofaffin masu nasara kaɗai ke iya nema, yakan kai fam miliyan 1 ko ya wuce, kuma mutum ɗaya na iya samun har fam 100,000 na shekara biyu. Ba a yi wa wannan biki, ba gimbiya, ba fim. Dalilin fifita shi a fili yake ga duk wanda ya san daji: itace ba ya girma a wata goma sha biyu, dabbar da ke haihuwa ɗaya a shekara uku ba a ganin ƙaruwarta kafin wa'adin rahoto ya cika, kuma amanar ƙauye da aka yi shekara biyar ana ginawa tana iya rushewa a damina ɗaya idan albashin masu sintiri ya tsaya.

Labarin Olivier Nsengimana na Ruwanda ya nuna abin da lokaci ke yi. Likitan dabbobi ne da ya fara aiki da gwaggon birin tsaunuka, sannan ya juya ga gauraka mai ruwan toka, 'yar uwar baƙar gaurakar da muka sani a ƙasar Hausa. Matsalar da ya tarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Masu hali da masu otal suna son ganin gauraka tana takawa a farfajiyarsu, don haka ake kama 'ya'yanta da ƙwanta a fadamu ana sayarwa, a yanke musu fiffike don kada su tashi. Gauraka kuwa da wuya ta hayayyafa a tsare, sai ta mutu a sayo wata. Dokar Ruwanda ta hana ajiye ta, amma masu ajiyewar manyan mutane ne, kuma da an ce za a kama su, da ɓoye tsuntsayen za su yi. Nsengimana da hukumomin ƙasar sai suka bi ta wata hanya: aka yi shela a rediyo cewa duk mai gauraka a gida ya kira a zo a yi mata rajista ba tare da hukunci ba. Aka bi gida gida ana sa wa kowace zobe mai lamba a ƙafa, yadda idan aka ga wata sabuwa ba zobe, an san daga daji aka kamo ta. Aka karɓo fiye da 200, aka killace su aka duba lafiyarsu, aka saki masu iya tashi a gandun Akagera, waɗanda aka nakasa kuma aka yi musu mazauni a wata fadama da aka farfaɗo da ita a gefen Kigali, mai suna Umusambi. Ƙidayar farko ta ƙasa baki ɗaya a 2017 ta sami gauraka 487. Bayan 'yan shekaru adadin ya haura 1,000.

Ya sami lambar Whitley a 2018, sannan ta zinariya a 2025. Abin lura shi ne aikin da aka ba shi kuɗin farko dominsa ba shi ne na biyu ba. Da aka gama kwashe tsuntsaye daga gidaje, sai matsalar ta koma fadamun da suke sheƙa a ciki, musamman dausayin Rugezi, inda ya ɗauki mazauna wurin aikin sintiri. Da wannan ya kankama, sai aka gane gauraka ba ta san iyakar ƙasa ba, tana ƙetarawa Yuganda da Tanzaniya, don haka kuɗin zinariyar ya tafi ga haɗin gwiwa da maƙwabta. Mai ba da tallafin da ke canza mutane kowace shekara ba zai taɓa kaiwa mataki na uku ba. A Najeriya kuwa, inda ake kiran baƙar gauraka tsuntsuwar ƙasa, ta yi ƙarancin da samun ta a daji ya zama labari, kuma kamu domin ajiyewa a gidaje yana cikin dalilan.

Purnima Devi Barman ta jihar Assam a Indiya ta fuskanci akasin wannan matsala. Gauraka sha'awarta ce ke kashe ta, tsuntsun Barman kuwa ƙyama. Ana kiransa hargila a can, ɗan uwan babba da jaka ne na kusa, dogo mai sanƙo, mai cin mushe da shara, kuma yana kiwo a babban jujin birnin Guwahati. Ba ya sheƙa a gandun gwamnati, sai a kan manyan itatuwan da ke cikin gidajen mutane a ƙauyuka irin su Dadara da Pachariya, inda yake zubo kashi da ruɓaɓɓen nama a tsakar gida. Mutane na ɗaukarsa tsuntsun rashin sa'a, maganinsa kuwa a sare itacen. A 2007, tana cikin binciken digirinta na uku, aka kira ta ta tarar wani magidanci ya sare itace mai ɗauke da sheƙa, 'yan tsakin sun zube a ƙasa. Da ta yi magana, maƙwabta suka yi mata dariya. Sai ta jingine karatun ta koma ƙauyen.

Ba dokar hana sare itace ta nema ba, domin itacen na mai gida ne. Mata ta nufa. Da yake ba sa zuwa taron lacca, sai ta riƙa shirya gasar girki, a nan ake zancen tsuntsun. Ta ɗauko bikin da ake yi wa mai juna biyu a al'adarsu ta riƙa yi wa hargila a lokacin da yake kwanci, ana waƙa ana rabon abinci. Ta samo wa masaƙa zare da kayan saƙa, suka fara saka hoton tsuntsun a jikin tufafin gargajiya suna sayarwa. An ɗaura raga a ƙarƙashin itatuwa domin tare 'yan tsakin da iska ke kaɗowa, an kuma kafa dandamalin gora inda itace ya yi ƙaranci. Matan da suka shiga wannan tafiya, waɗanda ake kira rundunar hargila, sun haura 10,000. Sheƙa a waɗannan ƙauyuka ta tashi daga ƙasa da 30 zuwa sama da 200, kuma a 2023 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sassauta matsayin tsuntsun daga mai fuskantar ƙarewa zuwa wanda ke kusa da shiga haɗari. Barman ta karɓi lambar Whitley a 2017, wato bayan ta shekara goma tana aikin, sannan ta zinariya a 2024. Wannan tazara tana da muhimmanci ga mai son fahimtar asusun: ba ya haifar da irin waɗannan mutane, yana tarar da su ne sun riga sun yi nisa, ya ƙara musu mai.

Idan aka tambayi abin da fam 50,000 ke saye, amsar ba ta da armashi. Iroro Tanshi, wadda ta yi nasara a 2021, ta gano wani ɗan jemage mai gajeriyar wutsiya a tsaunin Afi na jihar Kuros Riba a 2016, bayan an shafe kimanin shekara 45 ba a gan shi a daji ba. Babban abokin gabar jemagen ba mafarauci ba ne kaɗai, gobarar daji ce da ke tashi daga gonaki lokacin sharar rani ta haye dutse. Aikin ƙungiyarta ta kare ƙananan namun daji, SMACON, sai ya zama na kafa na'urorin auna yanayi, da sanar da manoma ranakun da sa wuta ke da haɗari, da horar da 'yan ƙauye masu kashe gobara. Manomin da ba ruwansa da jemage yana da ruwa da gonar kokonsa, don haka buƙatarsu ta haɗu. A kwarin Spiti na tsaunukan Himalaya a Indiya, Charudutt Mishra, wanda ya karɓi lambar zinariya a 2022, ya tarar makiyaya na kashe damisar ƙanƙara domin tana cinye musu dabbobi. Abin da aka kafa a ƙauyen Kibber kamar adashi ne: kowane makiyayi na zuba wani abu a kan kowace dabba, kwamitin ƙauye ke riƙe kuɗin, shi ke tabbatar da ɓarna ya biya diyya, masu tallafi kuma suna ƙara wa asusun ƙarfi a shekarun farko. Ƙauyen ya kuma yarda ya keɓe wani yanki na makiyaya ba a shiga da dabbobi, domin tumakin daji su yawaita damisa ta sami abin ci ba a garke ba. A tafkin Ossa na Kamaru, Aristide Kamla, mai lambar 2024, yana yaƙi ne da wata baƙuwar ciyawa da ta lulluɓe ruwan ta hana ayu abinci, ta kuma hana masunta kamun kifi, kuma makaminsa wani ɗan ƙwaro ne mai cin ciyawar. Man babur, alawus na masu sintiri, ladan zaman kwamiti, kiwon ƙwaro: abin da kuɗin ke tafiya a kai ke nan.

Duk da haka, akwai abubuwan da ya kamata a faɗa wa tsarin a fuska. Na farko shi ne lambar yabo tana buƙatar fuska ɗaya, aikin kuwa na jama'a ne. Inaoyom Imong ya karɓi lambar 2015 saboda gwaggon birin Kuros Riba, wanda bai kai 300 ba a duniya, amma tsaunukan Mbe da birin ke ciki al'ummomi tara ne suka haɗu suka keɓe su. Caleb Ofori-Boateng na Gana ya yi nasara a 2019 saboda wani kwaɗo da ke dab da ƙarewa a yankin Volta, amma filin da aka mai da mafakar kwaɗon mutanen yankin ne suka bayar daga ƙasarsu. Masu nasarar da kansu sukan faɗi haka a jawabansu, sai dai sunan mutum ɗaya ne ke shiga jarida. Haɗarin shi ne ƙungiya ta rataya a wuyan mutum guda, idan ya yi ciwo ko ya sami aiki a wata jami'a a waje, hanyar kuɗi ta toshe, domin shi masu bayarwa suka sani ba mataimakansa ba.

Na biyu ya fi wannan nauyi a ganina. Ana kiran waɗannan mutane 'yan tushe, kuma gaskiya ne a ƙasashensu suke aiki, amma mafi yawansu masu digiri na biyu ko na uku ne, da dama sun yi karatu a Turai ko Amurka, kuma dole su iya cike doguwar takarda da kare ta da Ingilishi. Matsakaita ne tsakanin ƙauye da Landan, ba ƙauyen ba ne. Wannan ba aibi ba ne a kansu, domin ba don su ba da kuɗin bai iso ko kusa ba, amma yana nufin akwai irin aikin da ragar asusun ba ta kamawa. Misali mafi girma yana jihohin Maraɗi da Damagaram na Nijar, inda tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna sassabe su maimakon tumɓukewa, har aka ƙiyasta an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Yana cikin manyan nasarorin farfaɗo da ƙasa a Afirka, kuma yawancinsa daga maƙwabci zuwa maƙwabci ya bazu, da ɗan ƙaramin kuɗin waje. Babu wata dabba guda mai ban sha'awa a tsakiyarsa, kuma manomin da ya koya wa ƙauyuka goma wannan dabara ba shi da ƙungiya mai rajista, balle asusun banki da zai karɓi fam.

Akwai kuma tambayar yadda ake auna nasara. Idan gauraka ta ƙaru a Ruwanda, nawa ne na aikin Nsengimana, nawa ne na tsaurin dokar gwamnati a kan fadamu, nawa ne kuma na ingantuwar ƙidayar kanta? Kowane mai nasara yana da masu tallafa masa da yawa. Nsengimana ya sami lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex tun 2014, Barman ta sami ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2022, kuma kowane mai bayarwa yana sa adadin tsuntsayen gaba ɗaya a rahotonsa na shekara. Mai karanta irin waɗannan rahotanni ya kamata ya riƙa tuna cewa hekta ɗaya tana iya fitowa a rahoto huɗu. Ba ƙarya aka yi ba, amma ba a raba ladan daidai ba.

Sannan ga girman abin. Yarjejeniyar kare halittu da aka cimma a Montreal a Disamba 2022 ta yi maganar giɓin dala biliyan 700 a kowace shekara, ta kuma ɗora wa ƙasashe masu arziki ba da aƙalla dala biliyan 20 a shekara zuwa 2025 da biliyan 30 zuwa 2030. Duk abin da Asusun Whitley ya raba a shekara 30 bai kai abin da ake nema a rana ɗaya ba. Kuma guguwar tana kaɗawa ne ta ɗaya ɓangaren: Birtaniya ta rage tallafin da take bai wa ƙasashen waje daga kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigarta zuwa 0.5 a 2021, ta kuma sanar a 2025 cewa za ta sauke shi zuwa 0.3, a shekarar da Amurka ta rushe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, USAID, wadda ke cikin manyan masu ɗaukar nauyin kare dazuzzukan Afirka ta Tsakiya. Idan manyan rijiyoyi suka ƙafe, kowa kan ƙananan yake komawa, kuma asusun da ke zaɓen mutum shida a shekara ba zai iya ɗaukar waɗanda aka yasar ba. Haɗarin aikin ma bai ragu ba, domin ƙungiyar Global Witness ta ƙirga masu kare ƙasa da muhalli 196 da aka kashe a 2023 kaɗai, yawancinsu a Kudancin Amurka, kuma lambar yabo ba ta tare harsashi, ko da yake wani lokaci shahara takan sa mai mugun nufi ya yi tunani sau biyu.

Shi ya sa alƙalan asusun ke mai da hankali a kan ko aikin mutum zai iya rikiɗewa ya zama doka ko yarjejeniyar da za ta tsaya ko babu shi. Rachel Ikemeh, wadda ta yi nasara a 2020, shekarar da annobar korona ta hana taruwa a Landan, misali ce ta wannan. A jihar Ekiti ta yi aiki da gwamnatin jiha har aka keɓe wani yanki na dajin Ise domin birin cimfanzi da ya rage a kudu maso yammacin Najeriya. A Bayelsa kuma, inda jan birin yankin Neja Delta ya kusa ƙarewa, ba gwamnati ta bi ba, al'ummar Apoi ta zauna da su har suka amince suka keɓe kimanin hekta 1,000 na dajinsu, da dokokin da su suka kafa da masu sintiri daga cikin 'ya'yansu. Hanyoyi biyu ne mabambanta a ƙasa ɗaya, kuma sai wanda ya san wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa a Ado Ekiti, wace kuma ake ƙwanƙwasawa a cikin fadamun Bayelsa, zai iya zaɓar su. Amma a duka wuraren biyu, takardar da aka sa wa hannu ba ta biyan albashi. Masu sintirin Apoi da na Ise suna buƙatar a biya su a watan da ke tafe da wanda ke bayansa, kuma muddin kasafin jiha bai ɗauki wannan nauyi ba, ƙungiyar da ta kafa su za ta ci gaba da cike takardun neman tallafi kowace shekara, tana gogayya da takwarorinta na Brazil da Indonesiya da Kenya a kan kuɗin da ba ya isar kowa.